Falon Mai Zif Bayan An Ɗauke Talla

A layinsu babu mai kiranta da sunan yanka. Mai Zif ake ce mata, har mijinta, har jikokinta. Telar mata ce, kekenta na ɗinki yana falo jikin taga, gefen talabijin, kuma ta samu sunan ne saboda ba a taɓa ganin mai saurin saka zif irinta ba. Mace za ta shigo da siket a hannu, kafin ta gama tambayar mutanen gida an miƙo mata kayanta. Jama'a sun ɗauka baiwa ce. Gaskiyar magana, talabijin ce ta horar da ita.

Tana yarinya gidansu babu talabijin. A gidan maƙwabta take kallo, ta taga, tana tsaye a kan bulo, tana ganin baki yana motsi ba ta jin abin da ake faɗa. Tun lokacin ta ɗaukar wa kanta alkawari cewa ranar da ta samu tata, ko kalma ɗaya ba za ta wuce ta ba. Da ta auri wani direban babbar motar haya, abin da ya fara saya bayan katifa shi ne talabijin, daga baya aka ja musu kebul aka kawo dikoda, akwatin kamo tashoshi. Sai ga matsala. Kekenta tsoho ne, irin na ƙafa, in ya tashi kamar jirgin ƙasa ya ratso falo. Ba ya yiwuwa a yi ɗinki kuma a ji magana. Sai ta raba rayuwarta gida biyu: in ana shiri, hannu a cinya, ido a gilashi, da zarar an sa talla, ƙafa a kan keke.

A haka ta yi ta tafiya har furfura ta fara leƙo mata. Tallan sabulu zif ɗaya ne. Tallan man goge haƙora, kalmasa ƙafar wando. Tallan banki kuwa, da yake su ba sa gajiya da bayani, har wuyan riga take haɗawa ta leƙa tukunya ta dawo. A cikin talla ta raini 'ya'yanta, kuma yaran sun tashi sun san dokar gida: ko faɗuwa ka yi ka fasa gwiwa, ka riƙe kukanka sai an sa talla.

Mijinta, wanda kowa yake ce wa Direba har bayan ya ajiye tuƙi, ya bi dokar shi ma. A tallan katifa ya sanar da ita zai bar aiki. A tallan madarar yara suka amince da auren autarsu. Faɗa kuwa sun sha farawa. Zai gyara zama ya ce, "Ke dai matsalarki ita ce..." sai kiɗan shiri ya dawo, ta ɗaga masa hannu, ya haɗiye sauran. Kafin a sa wani tallan ya huce, ko ya manta. Saboda haka duk layin ya shaida ba a taɓa jin kansu ba. Har sababbin ma'aurata ake turowa su nemi shawara. Direba ya ce musu haƙuri ne kawai, Mai Zif ta ce su ɗan dakata, ana tsakiyar shiri.

Wanda ya rushe wannan zaman lafiya surukinsu ne, mijin Auta. Injiniya ake ce masa, ko da yake caja da batirin waya yake sayarwa a wani ɗan kanti. Wata ranar hutu ya zo da kwali a hammata, ya durƙusa ya gaida su, sannan ya fara.

"Mama, wannan kebul ɗin cutarku kawai yake yi. Tashoshi rututu, amma guda nawa kuke kallo? Ga intanet na gida, ya fi araha nesa ba kusa ba. Abin da kuke so za ku kalla, a lokacin da kuka ga dama."

Akwai kunya tsakaninta da shi, ba ta iya musu da mijin 'yarta. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Ya zare dikoda, ya naɗe waya, ya ajiye wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu a kan kanta, fitilunsa suna ƙiftawa. Ya nuna mata yadda ake zaɓen shiri. Yana bakin ƙofa yana sa takalmi ya ƙara da cewa, "Abin da ma zai fi burge ki, Mama, babu talla ko ɗaya." Ba ta ji ba, ta riga ta shiga kallo.

Washegari da safe ta sa siket a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa a kan keke, ta kunna wani dogon shiri na wasu 'yan uwa da suke rigima kan otal ɗin ubansu, ta zauna jiran talla. Kashi na farko ya ƙare. Ta ɗaga ƙafa za ta taka, sai na biyu ya fara da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Ta mayar da hannu cinya. Rana ta take, ƙafarta ta yi tsami a kan keke. Tukunya ta kama, Direba ne ya ji ƙauri ya je ya sauke. Da yamma ta kira Auta a waya, idonta yana kan gilashi.

"Ki ce wa mijinki abin nan ya lalace. Tun safe bai sa talla ba."

Auta ta yi dariya ta ce haka aka yi shi, amma akwai wani maɓalli a tsakiyar rimot, in ta danna komai zai tsaya ya jira ta.

Ta gwada sau ɗaya. Babbar yayar masu otal tana tsakiyar gaya wa ƙanenta magana mai zafi, Mai Zif ta danna. Matar ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya rabi a rufe, yatsa a miƙe daidai saitin keken ɗinki. Mai Zif ta taka keke, tana jin yatsan nan a gefen fuskarta, zif ɗin ya fito a karkace, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ta ɗauko zane ta rufe talabijin, sai abin ya fi muni, kamar ta kulle baƙuwa a ɗaki. Ta yaye zanen, ta saki matar, har da ce mata ta yi haƙuri.

"Ni ban iya wulaƙanta mutane ba," ta gaya wa Auta daga baya. "Mace tana magana in sandarar da ita? Da can in an katse su, tsakaninsu da gidan talabijin ne, babu hannuna a ciki."

Kayan mutane suka fara taruwa. Tsibi ɗaya a kan kujera, wani a bayan ƙofa. Masu kaya su zo da fushinsu, ta nuna musu wurin zama da haɓa, su zauna jira, rigimar otal ta ɗauke su, su tashi da yamma suna tattauna halin ƙanen nan, sai sun isa gida su tuna abin da ya kai su.

Direba kuma yana da magana a bakinsa. Zai zo ya tsaya bakin ƙofar falo, ya yi gyaran murya, ya dubi talabijin, ya jira. Ya gaji ya koma. Ya yi tunanin tararta da sassafe kafin ta kunna, amma bakinsa bai saba buɗewa ba in talabijin a kashe take. Shirun yana yi masa yawa, sai ya ji kamar an tsayar da shi gaban alƙali. Haka ya yi ta yawo da maganar daga ɗaki zuwa tsakar gida, kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa.

Wata rana a cikin shirin wani ya zame ya faɗa tafkin wanka da kwat ɗinsa. Mai Zif ta ji dariya a bayanta, kuma ba dariyar mijinta ba ce. Ta waiwaya. Ga mutum a miƙe a doguwar kujera, daga shi sai singileti, da silifas ɗin Direba a ƙafarsa, yana shan shayi a kofin da take ajiyewa don baƙi.

"Sannu da aiki, matar yaya," ya ce.

"Sha-Yanzu? Yaushe ka zo?"

"Ai na kwana biyu. Jiya ma ke kika miƙo mini filo."

Ta juya ga mijinta, wanda yake tsaye a wurinsa na bakin ƙofa. "Malam, ka sauke mutum a gida ba ka gaya mini ba?"

"Talla nake ta jira," in ji Direba.

Sha-Yanzu ƙanen Direba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sana'arsa tallan magani a cikin motocin haya. Zai riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, kwalba a ɗayan, ya rantse maganin ciwon baya ne da mantuwa da mugun mafarki, a sha yanzu a ga aiki, daga nan sunan ya bi shi. Sana'ar ta mutu yana tsaye. Fasinjojin yanzu kowa ya toshe kunne, ido a waya. Sai ya yi bayani tun daga tashar farko har ta ƙarshe, babu mai ɗaga kai sai kwandasta, shi kuma ya haddace. Mai gidan haya ya sallame shi, ya taho gidan yayansa da jaka ɗaya da murya mai ƙarfi da ba shi da wurin ajiye ta.

Ya daɗe a kujerar nan yana lura. Ya ga tsibin kaya, ya ga ƙafar da take kan keke ba ta takawa. Washegari ana tsakiyar shiri ya miƙe, ya ɗauki rimot ya danna, ya tsaya a gaban talabijin. Mutum ne mai faɗi, ya rufe gilashin ruf. A hannunsa akwai bokitin banɗaki.

"Jama'a, a gafarce ni, zan ɗan katse muku jin daɗi. Wannan da kuke gani, wani zai ce bokiti ne. Ban yi musu ba. Amma a tambayi mai ciwon baya..."

Kafin Mai Zif ta yi tunanin komai, ƙafarta ta taka. Keke ya ɗauki ƙara. Zif ya shiga a miƙe tsaf. Ba ita ta katse masu otal ba, kuma ba ta ga fuskar kowa a daskare ba, ƙanen miji ne ya yi rashin ta-ido, su kuwa ƙannen miji an san halinsu. Da ya sauke bokiti ya matsa gefe, shiri ya ci gaba, ta mayar da hannu cinya, tana jin wani sanyi a ranta da ta kwana biyu ba ta ji ba.

Ba wanda ya zauna ya tsara, amma abin ya zama aikinsa. Ya yi tallan tsintsiya, ya yi na fanka, ya yi na murfin tukunyar da ta ɓata tun tuni. Ran da bai ga abin ɗauka a kusa ba ya jawo yayansa tsakiyar falo ya yi tallansa: tsohuwar ƙira, ba ya shan mai, ba ya ƙara, sai dai a sanyi yana wuyar tashi. Tsibin kaya ya soma raguwa.

Illar Sha-Yanzu ɗaya ce, ba shi da ma'auni. Tallan talabijin yana da iyaka, shi kuwa da tsawon hanya ya saba. Wata rana ya ɗauko dutsen guga, abin ya yi masa daɗi a baki, ya zarce. Mai Zif ta gama zif, ta kalmasa wando, ta leƙa tukunya ta dawo, yana nan bai kai ga igiyar dutsen ba. Direba, da ya ga fili, ya gyara zama kamar yadda ya saba.

"Ke dai matsalarki ita ce..."

Ya tsaya yana jiran a ɗaga masa hannu. Babu kiɗan shiri, babu hannu. Matarsa ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Ina jin ka, Malam. Ƙarasa."

Bai taɓa tanadar ƙarshen maganar ba, don bai taɓa buƙatarsa ba. Ya lalubi cikinsa, abin da ya fara zuwa hannu ya fito da shi.

"Alluran da kike sokewa a jikin kujera. Tun muna gidan haya nake zama a kansu."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa ba?"

"Yaushe?"

"To tunda abin ya zama haka, kai ma kana taka birki a cikin barci. Ƙaurina duk tabonka ne."

Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka fito da maganar labulen da ya zaɓo mai kalar ruwan kwata. Aka fito da ta yayarsa da ta ari babbar tukunya ta mayar da ƙarama. Aka kai ga ranar da ya ja mota ya bar ta a tasha da goyo, shi da ba ya tashi sai ya duba fasinja ɗaya bayan ɗaya. Muryoyi suka hau. Sha-Yanzu, da yake gwani ba ya yanke talla don hayaniyar fasinja, ya ƙara tasa muryar ya shiga bayanin yadda dutsen yake kwantar da wuyan riga. Maƙwabta suka cika taga da ƙofa, har da wasu ma'aurata da aka taɓa turowa neman shawara, sun riƙe baki suna kallo.

Can da numfashi ya fara ƙarewa, Direba ya zauna, bayan ya shafa kujerar da hannu. Ya ce, a hankali, "Akwai ma wata magana da na fara a tallan shayi, shekarar da aka haifi Auta."

"Wace magana kuma?"

"Cewa zan yi rigar da kika ɗinka mini ta yi kyau."

"Wace riga?"

"Mai ruwan toka. Ta mutu tuni, da ita na riƙa goge gilashin mota."

Mai Zif ta tuna rigar. Ta tuna yadda ta warware aljihun ta sake har ya zauna, da yadda ya saka ta ya fita bai ce komai ba, ta kuma riƙe abin a ranta shekara da shekaru ba ta san ta riƙe ba. Ta so ta yi dariya, sai ta ji idonta ya ciko. Ta tashi ta shiga kicin ta tsaya a gaban tukunyar da ba ta buƙatar komai.

Sun yi 'yan kwanaki ba sa magana, irin gaba ta gaske, wadda su biyun ba su taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ba su iya ta sosai ba. Shi ya fara karyawa. Ya same ta a kicin, babu talabijin babu komai, ya ba ta labarin wata akuya da ta taɓa bin motarsa gari uku. Daga ranar bakinsa bai sake rufuwa ba. A tsufanta Mai Zif ta gano cewa mai surutu ta aura. Labarin kowace taya da ta taɓa fashe masa yana nan a ajiye, da sunan wurin da abin da ya ce wa kwandasta. Wani lokaci tana saurara har ta manta da masu otal. Wani lokaci kuma ta ƙara sautin talabijin.

Cikin waɗanda suka zo kallon faɗan akwai mai babban kantin bakin layi. Shi faɗan bai dame shi ba, dutsen guga ya tsaya saurara, har ya ji yana son saye alhali yana da su katan-katan a kantinsa. Ya nemi Sha-Yanzu, ya ba shi lasifika da ɗaki a bayan kanti. Sha-Yanzu ya tattara jakarsa, ya tafi da silifas ɗin yayansa.

Ba a daɗe ba Injiniya ya dawo, yana sosa ƙeya. Ya ce an fito da wani tsari da ya fi wancan araha, sai dai a yi masa afuwa, akwai talla a ciki. Mai Zif ta sunkuyar da kai don kada ya ga fuskarta.

"To, ya za a yi," ta ce. "Haka nan za mu daure."

Tallan da ya zo bai kai na da ba. Gajere ne, ko rabin zif ba ya ɗauka, kuma guda ɗaya ne tal. Ashe Sha-Yanzu, zamansa a gidan, ya yi ta neman maganin sanƙo da intanet ɗinsu, na'urar ta riƙe abin a ranta. Safe da yamma maganin sanƙo. Baƙi in sun zo sai su saci kallon hular Direba, har ya koyi cire ta yana ajiyewa a gwiwa, don kowa ya ga gashinsa yana nan. Intanet ɗin mai araha kuma yana da nasa halin: ana cikin magana sai hoto ya dushe, wani ɗan zobe ya fito tsakiyar gilashi yana juyawa. Wannan ba laifin kowa ba ne, saboda haka ta karɓe shi hannu biyu, a cikinsa take yawancin ɗinkinta yanzu. Saurinta ya ragu, akwai 'yan mata a layin da suka fi ta hanzari, amma sunan bai koma kan kowa ba.

Ɗan farin akwatin ne ya riƙa ba ta tausayi, yana zaune tsirara a kan kanta, dare da rana yana ƙifta ido. Ta tattara ragowar wani yadi mai kauri, ta ɗinka masa riga har da shafi a ciki, da hannaye biyu don ƙahonin. Ƙarfin intanet ya faɗi, zoben ya ƙara daɗewa yana juyi, aiki ya ƙara tafiya. Injiniya ya gane dalili, amma ba ya iya gaya wa surukarsa. In ya zo sai ya faki ido ya tuɓe wa akwatin riga ya ninke a gefe, in ya tafi ta mayar masa.

Matan layi suka gani suka yaba. Wannan ta kawo yadinta, waccan ta ce a yi mata mai aljihu. Kafin wani lokaci babu akwatin da yake tsirara a layin, kuma babu gidan da intanet yake tafiya daidai. Ƙorafi ya yi yawa, kamfani ya turo ma'aikata. Suka hau turaku, suka auna wayoyi, suka sauya wani abu a bakin titi, ba su ga komai ba. A ƙarshe babbansu, wani dogo mai jakar kayan aiki, ya ce zai duba cikin gidaje, ya fara da na Mai Zif.

Ya yi sallama ya shiga. Ya tsaya a gaban kanta ya daɗe yana kallon akwatin cikin rigarsa. Ya taɓa shafin, ya juya hannun ya duba ɗinkin ciki.

"Mama," ya ce, "ke kika yi wannan?"

"Ni ce, ɗana."

Ya sake shafa yadin.

"Za a samu shuɗi? Namu na gida ya ɗan fi wannan faɗi."

Ta ce ya kawo awo, ta nuna masa kujera, Direba ya yi sauri ya shafa masa ita kafin ya zauna.